Tarihin Shehu Muhammadu Bakatsine, Da Zancen Nisan Abubuwan Da Ke Bisa Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Abin da ya jawo wannan rubutu, wani dare ne cikin hunturu muna karatu a bakin wuta bayan Magariba, sai wani ƙolo ya ajiye allonsa ya nuna sama, ya ce ga tauraro yana tafiya. Muka duba, lalle kuwa ga wani haske ya taso daga yamma, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi, ba shi da ƙara, ya ratsa sama cikin 'yan mintoci ya ɓace wajen gabas. Nan gardawa suka kama gardama. Wani ya ce ai Turawa ne suka kai sama ta ɗaya, wani ya ce ƙarya ne, mahaluki ba ya isa can. Na ga duk su biyu abu ɗaya ya ɓace musu, watau ba su san nisan abin da suke gardama a kansa ba. Wannan ya tuna mini da wani malami ɗan ƙasarmu wanda ya ƙare rayuwarsa cikin lissafin abubuwan sama, har malaman Masar suka durƙusa gabansa, alhali kuwa mu nan da yawa ba mu ko san sunansa ba.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, Larabawa suna ce masa Alkashnawi, watau Bakatsine. Ana kuma danganta shi da Ɗan Ranko, wani tsohon gari a ƙasar Katsina. Ya tashi bayan zamanin Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, sa'ad da Katsina take matattarar ayarori da malamai, littattafai suna shigowa tare da fatake daga arewa. Mafi yawan labarinsa ya iso mana ta hannun Abdurrahman Aljabarti, mai tarihin Masar, wanda ya sa shi cikin manyan malaman da ya ambata a littafinsa Aja'ibul Asar. Shi Abdurrahman bai riske shi ba, amma a gidan mahaifinsa Shehun ya zauna, a nan kuma littattafansa suka rage, don haka ruwa ne aka ɗebo daga bakin rijiya.

Karatunsa duk a ƙasashenmu na Sudan ya yi shi, kuma wannan abin lura ne ga mai zaton sai an ƙetare teku ake zama malami. Cikin malamansa akwai Shehu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu na Bagarmi, mai littafin tauhidin nan Manhajul Farid. Akwai Shehu Hashimu. Akwai kuma Shehu Muhammadu Fodu, wanda ya lazimta wajen shekara 4, ko a gida ko a tafiya ba ya rabuwa da shi, ya karanci nahawu da sarfu da littattafan lugga a gabansa. Da fari malamin yana kiransa mai Muƙama, saboda ya haddace Muƙamar Hariri yana jawo kalmominta duk inda ake bukata. Da ya ƙware a nahawu sai ya sake masa laƙabi, ya riƙa kiransa Sibawaihi. Duk wanda ya sha wuyar Muƙama ya san wannan laƙabi ba kyautarsa ake yi ba. Ni kaina na yi shekaru ina fama da ita, ban kuwa ga wanda ya kira ni da kome ba.

Wanda ya buɗe masa ƙofar lissafi shi ne Shehu Muhammadu Bindu. A wurinsa ya ɗauki hisabi, da ilmin lokuta bisa hanyar malaman Magrib, watau sanin zawali da shigar salloli da masaukan wata da alƙibla, da kuma ilmin haruffa da hatimai. Kada a ɗauka ya bar shari'a ya bi lambobi, don a gaban wannan malami ya ji Buhari, ya karanta mafi yawan Muhtasar Halil, da aƙidun Sanusi, da manɗiƙi da balaga.

Sa'an nan ya ɗaura niyyar gabas. Ya ratsa ƙasashe da yawa, yana saduwa da sarakunansu da malamansu, har ya rubuta labarin tafiyar tasa. Ya sauka Alƙahira a wata unguwa kusa da masallacin Azhar da ake kira Darbul Atrak. A nan wani saurayin malami mai suna Hasan Aljabarti, wanda asalin kakanninsa daga wajen Habasha ne, ya ji labarinsa ya zo ya zauna gabansa yana ɗaukar ilmin hatimai. Shehu ya yi aikin hajji a shekara ta 1142 ta Hijira, daidai da 1730, ya zauna Makka, a can ya soma babban littafinsa Durrul Manzum. Da ya komo Masar, sai Hasan ya ɗauke shi da matarsa da dukan mutanen gidansa ya sauke su a gidansa. A cikin gidan nan ya gama mafi yawan wallafe-wallafensa. Ya kammala Bahjatul Afaƙ a kan hatimai a 1145, ya gama Durrul Manzum cikin Rajab na 1146, watau wajen ƙarshen 1733. Yana kuma da littafi kan nahawu da wani kan manɗiƙi.

Hatimi dai kowane almajiri ya san shi. Ƙaraminsa mai gida tara ne, uku a tsaye uku a kwance, ka zuba lambobi daga 1 zuwa 9, ko ta ina ka haɗa layi sai ya ba ka 15. Mai gida biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369. Gwanintar Shehu ita ce bayyana ƙa'idojin cika irin waɗannan masu adadin mara, yadda ɗalibi zai san gidan da kowace lamba za ta faɗa ba da lalube ba. Saboda wannan ne masu tarihin lissafi na Turai da Amurka suke ambatonsa har yau, akwai kuma kwafin littafin da aka rubuta da hannu ajiye a Landan.

To, ina hatimi ya gamu da nisan sama? A tsarin da ya fi yaɗuwa tsakanin masu wannan fanni, kowane hatimi ana jingina shi ga ɗaya daga taurari bakwai masu tafiya. Mai uku na Zuhalu ne, mai huɗu na Mushtari, mai biyar na Mirrihu, mai shida na rana, mai bakwai na Zuhura, wadda mu ke kira Zara matar wata, mai takwas na Uɗaridu, mai tara na wata. Wannan jeri ba haka kawai aka yi shi ba. Tsani ne, an jera su bisa ga nisa, daga wanda aka ɗauka ya fi nisa zuwa wanda ya fi kusa da mu. Kuma kowane mataki na tsanin nan malaman falaki sun sa masa adadi tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Shehu. Mai masaukinsa Hasan babban masanin falaki ne, gidansa cike da kayan auna rana da taurari, yana kuma zana agogon inuwa. Ke nan Bakatsine ya zauna gidan da irin wannan zance yake abincin yau da gobe.

Ga yadda magabata suka yi awon. Sun fara da ƙasa. A zamanin Halifa Ma'amun, wajen shekara ta 830, aka aika masana filin Sinjar suka yi tafiya arewa da kudu suna duban tsayin taurari, suka sami daraja ɗaya ta kewayen ƙasa mil 56 ne da sulusi biyu na mil ɗin Larabawa. Daga nan aka fitar da nisan da ke tsakanin fuskar ƙasa da cibiyarta, shi ya zama sandar awon sama duka. Awonmu na yau ya ce sandar nan kilomita 6,371 ce. Sa'an nan suka auna wata da wata dabara mai sauƙi. Miƙa hannunka ka tsai da babban yatsa, rufe ido ɗaya ka duba, sa'an nan ka sake ido, za ka ga yatsan ya goce a jikin bango. Abin da ke kusa yana gocewa da yawa, na nesa kaɗan. Haka wata yake gocewa tsakanin taurari gwargwadon inda mai dubansa yake a bayan ƙasa, kuma daga girman gocewar ake fitar da nisansa.

Alfargani, wanda ya tsaya kan ginin ma'aunin kogin Nilu a tsibirin Rauda a 861, ma'aunin da yake nan tsaye a Alƙahira har zamanin Shehu har kuma yau, ya tara adadin nan cikin littafinsa mai babi 30, yana bin hanyar Baɗalimusa Bayunane. Ya ce iyakar nisan wata sanda 64 ce da 'yan kai. Ku duba ikon Allah, awon yau ya ce wata idan ya yi nisa ƙwarai yana kai wajen kilomita 406,000, ka raba da sandar nan sai ka sami kusan 64. Mutanen da ba su da madubin hangen nesa, sai tagulla da ido da haƙuri, sun dace da gaskiya. Inda suka kuskure game da wata shi ne kusantowarsa, sun ce yana saukowa har sanda 33, alhali ba ya gangarowa ƙasa da wajen 56. Da haka ne, da mun riƙa ganinsa yana ninka girmansa cikin kowane wata. Ibnu Shaɗir, mai kula da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, ya lura da wannan aibi ya gyara lissafin.

Daga wata zuwa sama ne tsanin ya gajarce musu. Gocewar rana ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ta fi ƙarfin kayan aikinsu, sai suka sa ta a sanda 1,220. Sauran kuwa suka cika da ƙiyasi, suka ce babu wofi a halitta, inda falakin wannan ya ƙare nan na bisansa ya fara. Da haka suka hau har Zuhalu, suka tsaya a sanda 20,110, suka ce nan ne rufin da taurari tabbatattu suke. To, rana a haƙiƙa tana wajen kilomita miliyan 150, watau sanda 23,500 ko kusa da haka. Ashe rana kaɗai ta wuce inda suka sa rufin duniyarsu gaba ɗaya. Jerin ma ya tashi, da aka tabbatar ƙasa da sauran biyar ɗin duk rana suke kewayawa, wata kaɗai ke kewaya mu.

Gyaran nan ya soma tun kafin Shehu ya bar gida. A 1672 wani masani mai suna Kasini a Faris da abokin aikinsa a Kayen, can Amurka ta Kudu, suka dubi Mirrihu a lokaci guda, kamar idanu biyu da ke da teku tsakaninsu, suka fitar da nisan rana wajen kilomita miliyan 140. Taurari tabbatattu kuwa sai a 1838 wani Bajamushe mai suna Besel ya iya auna nisan ɗaya daga cikinsu. Nisan nasu ya fi ƙarfin kilomita, sai da tafiyar haske ake faɗinsa. Haske yana cin kilomita 300,000 cikin daƙiƙa ɗaya, watau sakan. Daga wata yana iso mu cikin sakan ɗaya da ɗan ƙari, daga rana minti 8 da sakan 20, daga tauraron da ya fi kusa shekara 4 da 'yan watanni. Kaza da 'ya'yanta, wadda manomanmu ke duba don sanin damina, haskenta yana yin fiye da shekara 400 a hanya. Hasken da muke gani nata a daren yau ya taso tun ba a haifi Shehu Muhammadu ba.

Ban kawo wannan don in rage darajar magabata ba. Wanda ya haƙa rijiya gaba goma ya tarar da dutse, na bayansa ya zo da ƙarfe ya fasa, ba a ce na farko bai yi aiki ba. Amma akwai wurin da ya wajaba in faɗi abin da na gani game da Shehun kansa. Ilmin taurari iri biyu ne. Akwai na lissafi, wanda da shi ake sanin lokaci da alƙibla da husufi, wannan abin yabo ne, kuma ana iya jarraba shi a gyara. Akwai na hukunci, mai cewa tauraro kaza ya hau, don haka wane zai sami mulki ko wance za ta yi aure. Durrul Manzum ya ɗauko daga wani littafi da ake jingina wa Fahrur Razi, kuma mafi yawansa a kan ɗalasimai ne da sa'o'in taurari. Malamanmu na Sakkwato ba su sassauta a nan ba, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi littafi musamman yana gargaɗi a nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Ni a nan bayan Bello nake. Abin baƙin ciki, an buga Durrul Manzum a Masar ya shiga kasuwanni, masu neman asiri suka rungume shi, lissafin da ya ɗaukaka mai shi kuwa aka bar wa baƙi suna nazari. Mun ɗauki ƙaiƙayi mun bar wa wasu tsaba.

Yanzu mu komo ga hasken da ƙolona ya gani, don shi yana ƙarƙashin matakin farko na tsanin nan, a wurin da magabata ba su sa kome ba sai iska da wuta. Jirgin da ke ɗaukar alhazai daga Sakkwato yana tashi kamar kilomita 11 bisa ƙasa. Iska tana ta raguwa har wajen kilomita 100, inda masana da yawa suka yi yarjejeniya a ce nan sararin samaniya ya fara. Daga Illela zuwa Sakkwato ta Gwadabawa da Kware wajen kilomita 85 ne. Da za a tsai da hanyar nan a miƙe ta dubi sama, a ƙara mata kaɗan, da ta kai. Mai kawo albasa kasuwa yana cin wannan nisa kafin hantsi.

Tauraron ɗan'adam na farko Rasha ta harba shi ran 4 ga Oktoba 1957. Ba da jimawa ba ƙasarmu ta shiga cikin labarin, don Amurka ta kafa tasha a Kano ta bin sawun kumbonta, kuma sa'ad da Jon Gilen ya kewaya duniya sau uku ran 20 ga Fabrairu 1962 ya bi ta bisa ƙasar nan, tashar Kano tana sauraronsa. Tsayinsa a ranar bai wuce kilomita 265 ba. Babbar tashar sararin samaniya, wadda mutane ke zaune cikinta tun Nuwamba 2000, tana wajen kilomita 400, kamar daga Sakkwato zuwa Zariya. Tana gudun kilomita 28,000 a sa'a, tana kewaya duniya cikin sa'a ɗaya da rabi. Gudun nan shi ke riƙe ta: tana faɗowa kullum, amma kafin ta iso ƙasa ta lanƙwashe ta kauce mata. Ba ta da wuta tata da muke gani, hasken rana ne ke dukanta bayan mu ya faɗi mana, shi ya sa ba a ganin irinta sai bayan Magariba ko gabanin Asuba. Ina kyautata zaton ita ce ta ratsa bisa makarantarmu.

Sama da ita akwai waɗanda ke nuna wa direba hanya a wayarsa, a kilomita 20,200. Sama da su kuma, a wajen kilomita 35,800, akwai wani da'ira inda kewayen tauraro yake daidai da juyin ƙasa, yini da kwana, sai ya zama kamar an kafe shi wuri ɗaya. Shi ya sa farantan talabijin da ke bisa rufin gidajen Illela da Ƙonni suke fuskantar wuri guda ba a juya su. A can Nijeriya ta sa tauraronta na sadarwa da aka harba daga ƙasar Sin cikin Disamba 2011. Duk da haka wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na hanyar wata ba. Da mota za ta hau sama tana cin kilomita 100 a sa'a ba tsayawa, da ta shiga sararin samaniya cikin sa'a ɗaya, ta kai tashar nan cikin sa'a 4, ta kai masu faranti cikin kwana 15, ta kai wata cikin kwana 160, rana kuwa sai bayan shekara 170.

Don haka na ce wa gardawan nan su biyu su kwantar da hankali. Mutum ya taka wata a Yuli 1969, ya kuma bar madubi a can wanda har yanzu ake harba masa haske daga ƙasa ya komo cikin sakan biyu da rabi, da shi ake auna nisan. Amma wata maƙwabci ne na bakin ƙofa. Sammai bakwai da aka ba mu labarinsu a cikin wahayi al'amari ne na gaibu, ba falakan Baɗalimusa ba ne, ba kuwa wanda ya auna su da tagulla ko da madubi. Mai cewa an kai sama ta ɗaya ya faɗi abin da masu kumbon kansu ba su faɗa ba, mai ƙaryata tafiyar kuma yana tsaron ƙofar da ba wanda ya taɓa.

Shehu Muhammadu bai komo Katsina ba. Ya zauna gidan Aljabarti wajen shekara goma, yana karantarwa yana rubutu, har ajali ya same shi a can a shekara ta 1154, daidai da 1741. Kafin ya cika ya sa Hasan ya zama wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya yi masa sutura, ya rufe shi a maƙabartar Mujawirina, a sashen da ake kira Lambun Malamai, ya gina alama bisa kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, da mu baki ɗaya, amin.